Shekarar da Aka Rubuta Mini "Ba Ta Zo Ba"

Da ciwon sikila aka haife ni. Ni ce ta uku a ɗakinmu, kuma ta biyu da ta zo da shi. Na farkon Yayana ne, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu tun ban kai in san mece ce mutuwa ba. Abin da na iya riƙewa shi ne tun daga lokacin Umma ba ta ƙara yarda na yi nisa da idonta ba. Ita da Baba duk AS ne, wato suna ɗauke da gadon ciwon a jininsu ba tare da yana kwantar da su ba, ba su kuma sani ba sai da aka haife mu. Likita ya yi musu lissafin da kowane mai sikila yake tasowa da shi a ka: in miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Lissafin nan babu ruwansa da cikin da ya gabata. A gidanmu sau biyu ya faɗo.

Wanda bai zauna da mai wannan ciwo ba yakan ɗauka ƙarancin jini ne kawai. Ƙwayar jinin lafiyayyen mutum takan yi wajen kwana 120 tana aiki, tamu kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 ta gama. Daga nan kasala take zuwa, idanu su koma ruwan ɗorawa. Babban abin tsoron shi ne lokacin da ƙwayoyin suka lanƙwashe suka ɗauki siffar lauje, suka cushe ƙananan hanyoyin jini. Duk inda jini ya kasa wucewa nan ciwo yake sauka, ka ji kamar an zuba ƙasusuwanka a turmi ana kirɓawa. Sanyi yana tayar da shi, ƙishirwa tana tayar da shi, haka zazzaɓi da gajiya da rashin barci da damuwa. Duk wanda ya taɓa zama ɗalibi ya san wannan jerin, in ka cire zazzaɓi, makon jarrabawa ke nan.

Na taso ina jin ana cewa "a bar ta ta huta". Ba na guje-guje, ba na shiga ruwan sama, in yara sun fita wasa ni ina gefe da littafi. Abu ɗaya da ba a hana ni ba shi ne musu, na kuwa yi shi har na gundiri mutanen gida. Baba yakan yi dariya ya ce, "Uwata, in ba lauya kika zama ba an yi asarar baki." Shi wasa yake yi. Ni ban ji wasa a ciki ba.

Da na samu gurbin karatun shari'a, Umma ta yi kwanaki ba ta ce komai ba, Baba kuma ya kafa sharaɗi: makon farko in kai katin asibitina wurin likitan makaranta, a buɗe mini fayil, kowa ya san da ni. Haka aka yi. A shekarar farko ne na ci karo da labarin da ya daɗe yana ƙarfafa mini gwiwa. Mutum na farko da likitocin zamani suka rubuta bayanin sikilarsa ɗalibi ne, Walter Clement Noel, ɗan tsibirin Girenada da ya je Shikago koyon aikin likitan haƙori. Likita James Herrick ya wallafa bayanin jininsa a 1910. Noel ya gama karatunsa duk da yawan kwanciya asibiti, ya koma gida ya yi aiki, ya rasu a 1916 yana da shekara talatin da 'yan kai. Ƙarshen labarin ban cika son tunawa da shi ba. Tsakiyarsa na riƙe: ya gama.

Shekara ta ɗaya da ta biyu sun wuce da sauƙi gwargwado. Ciwon ya tashi, amma yakan yi mini kara ya jira hutu. Makina yana da kyau, har na samu tallafin karatu wanda sharaɗinsa kada maki ya sauka ƙasa da wani mataki.

Sai wanda ya gani zai yarda da yadda tsangayar shari'a take komawa in shekara ta zo ƙarewa. Kaso mafi tsoka na makin kowane kwas yana cikin zama ɗaya na awa uku. Wata da watanni kana zuwa lacca, kana rubutu, kana karanta hukunce-hukuncen alƙalan da suka mutu tun kafin a haifi kakanka, duk a taru a auna ka da safiya ɗaya. Tambayar kuma ba ta "kawo ma'anar kaza" ba ce. Labari za a ba ka: wane ya sayar wa wane mota, birki ya tsinke, ta buge wance, wance tana da juna biyu, ka ba kowa shawara. Sai ka tsamo matsalar da ke ɓoye a ciki, ka kawo dokar da ta shafe ta da sunan shari'ar da ta kafa ta, ka ɗora dokar a kan labarin, ka faɗi inda kotu za ta karkata. In ka san doka ka manta sunan shari'ar, maki ya ragu. In ka haddace sunaye ɗari ka kasa gano matsalar, ka yi aikin banza.

Saboda haka da zarar an kafe jadawali, ɗakin karatu ya cika tun asuba, mutum ya ajiye jaka a kan kujera don kada a ƙwace masa ita. Dare ya koma rana. Ana haɗa ƙungiyoyin bita, ana rabon tsofaffin tambayoyi, ana yaɗa jita-jitar cewa malam wane ya ce babi kaza zai fito. Hira ma da sunayen shari'u ake yin ta. Kowa ya san shari'ar Donoghue da Stevenson: Donoghue ita ce matar da ta sha lemon kwalba a garin Paisley na Sikotland a 1928, ta ce ta ga ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki, har kotu mafi girma a Birtaniya ta yanke a 1932 cewa mai sarrafa kaya yana da nauyin kula da wanda zai yi amfani da su ko da babu ciniki a tsakaninsu. Abin da yake ba ni dariya har yau, ba a taɓa tabbatar wa kotu akwai dodon koɗin ba, domin an sasanta kafin a kai ga kawo shaidu. Mu dai mun haddace shi.

A cikin wannan hayaniya akwai shari'a ɗaya da na karanta ba don jarrabawa kaɗai ba, ta Smith da kamfanin Leech Brain, wadda muke haddacewa da shekarar 1962. Wani ma'aikaci ne narkakken ƙarfe ya fallatso masa a leɓe saboda sakacin masu kamfanin. Ƙuna ce ƙarama, da wani ne da ta warke an manta. Shi kuwa dama akwai lalura kwance a jikinsa, ƙunar ta tayar da ita ta zama ciwon daji, ya rasu bayan shekara uku. Kamfanin ya ce ai babu wanda zai yi tsammanin ƙaramar ƙuna ta kashe mutum. Alƙali Lord Parker ya ce wanda ya yi ɓarna zai ɗauki wanda ya cuta a yadda ya same shi, ba a yadda ya so ya kasance ba. Na daɗe a kan shafin nan. Tunda nake, raunin jikina abin ba da haƙuri ne a wurina, kullum ni ce mai cewa a yi mini uzuri. Ga wata kotu tana cewa mai rauni ma cikakken mutum ne a gaban doka, ba a rage masa haƙƙi don ƙashinsa bai kai na wasu ƙwari ba.

Jadawalin ƙarshen shekara ta uku ya zo a cushe, manyan kwasa-kwasai a jere babu tazara. Na rubuta ta farko lafiya. Ta biyu na rubuta ta bayana yana sara, ina gyara zama, ina kallon agogo. Da yamma zazzaɓi ya rufe ni, kafin tsakar dare ƙirjina ya riƙe, numfashi ya koma sai na yi da gaske. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ita ta kai ni asibitin makaranta. Likitan da ke aiki a daren ya auna iskar da ke jinina, bai tsaya dogon bayani ba ya rubuta takarda ya ce a wuce da ni babban asibiti yanzu-yanzu. Ciwon ya sauka a huhu, irin wanda masu sikila suka fi tsoro, domin yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mu.

Abin da ya biyo baya a bakin mutane na ji yawancinsa. An sa mini iskar oksijin, an yi mini ƙarin jini, ana ɗura mini magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi ta jijiya. Nakan farka in ga Umma a gefen gado, bakinta yana motsi, in sake komawa. Ranar da hankalina ya dawo sosai, abin da na fara tambaya shi ne yau wace rana ce. Da aka faɗa mini na lissafa, na ga an gama jarrabawa. Kwas huɗu sun wuce ni. Na juya fuska bango, ban yi kuka ba, don ko ƙarfin kukan babu.

Akwai wata doka a littafin ƙa'idojin ɗalibai. Duk wanda rashin lafiya ya hana shi zama jarrabawa, sai ya sanar da shugaban tsangaya a rubuce cikin 'yan kwanaki, haɗe da rahoton da likitan makaranta ya sa wa hannu. A kwanakin da dokar take nufi, ni ban san inda kaina yake ba. Iyayena ba su taɓa ganin littafin ba. Ƙawata, Allah ya saka mata da alheri, ta gaya wa shugaban ajinmu, shi kuma ya gaya wa wani malami a bakin ofis, malamin ya ce Allah ya ba ta lafiya. Kowa ya yi abin da ya ga ya dace. Takarda ce dai ba ta shiga fayil ba.

Da sakamako ya fito, gaban kwasa-kwasan nan huɗu an rubuta ba ta zo ba, kowanne da sifili. Makin da na tara a shekara biyu ya rushe. Tallafin karatu ya tafi. Bayan haka sai ga wasiƙa mai layi kaɗan, cewa bisa yawan kwasa-kwasan da na faɗi ana ba ni shawara in nemi wani sashen. Duk ɗalibi ya san irin wannan shawara ba a cewa an gode ba a so.

A gida aka yi zaman da ban taɓa mantawa da shi ba. Baba ya karanta wasiƙar ya ninke ta, ya ce, "Uwata, wataƙila wannan sauƙi ne Allah ya kawo. Ki dawo gida ki warke. Karatu iri-iri ne, akwai wanda ba ya cin rai." Na ce, "Baba, ban faɗi ba fa. Ban rubuta ba ne." Ya ce ya sani, amma su a wurinsu duk ɗaya ne. Umma da ta yi shiru tun farko ta ɗago ta ce, "Ke 'yar nan, na binne ɗaya. Na tsaya a kanki ina ƙirga numfashinki. Ko alƙaliyar duniya za su naɗa ki, ban ga abin da zai biya ni ba." Babu amsar da ake ba uwa a kan irin wannan magana, ni ma ban nemo ba.

Akwai abin da ban gaya musu ba a lokacin. Wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗin wasiƙar. Na gaji. Na gaji da lissafin kofin ruwa, da ɗaukar rigar sanyi ana tsakiyar zafi, da murmushi a aji alhali ƙafata tana ci da wuta. Ga ƙofa an buɗe mini, in na fita babu mai zargina, kowa zai ce ai ciwo ne. Na yi makonni ina juya wannan. In dare ya yi in ce na haƙura, in gari ya waye in ji wani abu ya tokare ni. Daga baya na gane ba barin karatun ne ya fi ci mini rai ba. Kalmomin nan huɗu ne, ba ta zo ba. Da an rubuta ba ta da lafiya, ko ma an rubuta ta gaza, da wataƙila na tattara kayana. Amma takardar tana cewa na ga dama ne na ƙi zuwa, kuma haka za ta ci gaba da faɗa wa duk wanda ya buɗe fayil ɗina har bayan raina.

Ɗaya daga cikin kwasa-kwasan da suka wuce ni shi ne na dokar da ke kula da yadda hukumomi suke yanke hukunci. Littafin rubutuna yana nan da duk bitar da na yi. Ina kwance ina jinya na ɗauko shi, don kawai hannuna ya saba. A nan na sake haɗuwa da Dakta Richard Bentley, babban malami a Jami'ar Kambirij, wanda jami'ar ta ƙwace wa digirorinsa a 1718 ba tare da an kira shi an ji ta bakinsa ba. Ya kai ƙara, a 1723 kotu ta ce ba a yi daidai ba, aka mayar masa da su. Ɗaya daga cikin alƙalan, Fortescue, har da ƙissar Annabi Adamu ya kafa hujja, cewa shi ma sai da aka kira shi aka tambaye shi kafin hukunci ya hau kansa. A shafi na gaba ga shari'ar Ridge da Baldwin: Ridge shugaban 'yan sandan garin Brighton ne da aka sallama daga aiki ba a saurare shi ba, kotun ƙoli ta lokacin ta ce sallamar ba ta zauna ba. Wata biyu kafin nan waɗannan sunaye ne da shekaru da nake cusawa a ka. Yanzu na ga mutane ne da aka aiko wa wasiƙa irin tawa.

Na nemo littafin ƙa'idojin na karanta shi daga bango zuwa bango, karatun da ban taɓa yi wa wani littafin doka ba. Can wajen ƙarshe na samu sakin layin da ya ba ɗalibi damar ɗaukaka kuka zuwa kwamitin jarrabawa cikin wani wa'adi bayan fitar sakamako. Wa'adin bai cika ba, saura kaɗan.

Mai da'awa shi ke kawo hujja, wannan ko ɗan shekarar farko ya sani. Na roƙi Baba ya kai ni asibitin makaranta. Bai so ba, amma ya kai ni. A rajistarsu ga sunana, ga kwanan wata, ga lokacin da aka shigo da ni cikin dare, ga kwafin takardar da likitansu ya rubuta da hannunsa yana tura ni babban asibiti. Daga can kuma na karɓo rahoton kwanciya da na sallama. Da na jera takardun a gabana sai hujjar ta fito da kanta. Me ya sa aka kafa dokar kwanakin nan? Don kada ɗalibi ya ga jarrabawa ta yi masa zafi ya je ya nemo takardar ciwon ƙarya daga baya. To ni likitan makarantar ne da kansa ya gan ni, ya sa hannu, tun kafin a zauna jarrabawar da ake cewa na ƙi zuwa. Abin da asibitin makaranta ya sani, makaranta ta sani. Na biyu, doka ba ta ɗora wa mutum abin da ba zai yiwu ba, wanda ke kwance da robar iska a hanci ba ya rubuta wasiƙa. Na uku, an yanke hukuncin raba ni da tsangaya ba a tambaye ni ko kalma ɗaya ba.

Na rubuta shafi shida na kai wa wata malamarmu da nake jin nauyinta. Ta karanta da jan biro a hannu, ta soke fiye da rabi. Ta ce, "Duk inda kika ba da labarin zafin ciwo na cire. Ba don ƙarya ba ne. Rahoton likita ya faɗe shi fiye da yadda za ki faɗa. Ki bar musu kwanan wata da sa hannu." Ta kai kan Bentley ta yi murmushi ta ce, "Mutanen da za su karanta wannan su suka koya miki shi. Kada ki yi musu lacca." Na ce, "Malama, ko layi ɗaya a bar mini." Ta bar mini layi ɗaya. Takardar ta koma shafi biyu, kuma ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba. A zaman nan na koyi rubutun lauya fiye da abin da na koya a zango guda.

Ranar da kwamiti ya kira ni Baba ya raka ni, ya zauna a benci a waje. Ban same su azzalumai ba, kuma ba zan ce su ne ba. Ɗaya daga cikinsu ya faɗa mini gaskiya cewa kowace shekara sai sun ga rahotannin asibiti na bogi, in suka sassauta wa'adin sun buɗe ƙofar da ba za su iya rufewa ba. Na yarda da shi, har yau ma na yarda. Dokar tana da amfani. Aibinta shi ne ba ta tanadi komai ba game da wanda ciwonsa ya kai ya hana shi bin ta, wato wanda ya fi kowa buƙatarta.

Tambayar da ta fi yi mini nauyi daga shugaban zaman ta fito. Ya ce, "In mun mayar da ke, wane tabbaci za ki ba mu cewa haka ba za ta sake faruwa ba?" Na san amsar da ake so, na kuma san ba ni da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da tabbaci. Da wannan ciwon aka ɗauke ni, yana cikin fayil ɗina tun makon farko, da shi kuma na ci jarrabawar shekara biyu. Zai iya sake tashi. Abin da zan iya alkawari shi ne in ya tashi, takarda za ta riga labari zuwa ofishinku." Ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta wani abu, ya ce in jira a waje.

Hukuncin ya zo bayan makonni. An goge sifilan, an rubuta rashin lafiya a madadinsu, an janye shawarar canjin sashe. Amma ba za a shirya mini jarrabawa ta musamman ba, sai in jira shekara ta zagayo in zauna tare da 'yan ajin da ke bayana. Tallafin karatun kuwa an riga an ba wani, ba ya dawowa. Mutane suna ta yi mini barka, ni kuma na rasa abin da nake ji. Na samu abin da na nema, shekarar kuma ta tafi. A lacca ana koya mana cewa manufar diyya ita ce a mayar da mutum inda yake kafin a cuce shi. Ban taɓa ganin wanda aka mayar ba.

Baba ne ya sauya ra'ayi, ba kuma hukuncin ne ya sauya shi ba. Shafi biyun nan ya karɓa ya karanta tun a benci. A hanyar komawa ya daɗe bai yi magana ba, can ya ce, "Ke kika rubuta wannan?" Na ce da taimakon Malama. Ya ce, "To, Allah ya yi albarka. Kuɗin makaranta ki bar mini." Na san abin da hakan ya ci masa, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Umma kuwa ba ta yarda ba, har gobe ba ta yarda ba. Duk ranar da zan koma ita take shirya mini magunguna da hannunta, tana yi tana cewa ita dai ba da yawunta ba.

Shekarar maimaici ta fi jinyar ɗaci ta wani fannin. 'Yan ajinmu suna hawa bene zuwa laccar shekara ta huɗu, ni ina shiga ajin ƙasa. Wasu in mun haɗu su rasa abin cewa, su yi saurin tambayar jiki su wuce. Sababbin abokan karatuna kuma sun ɗauka faɗuwa na yi, ban bi kowa da bayani ba. Likitana ya ɗora ni a kan haidroksiyuriya, maganin da ke sa jiki ya ƙara yin irin jinin da jariri yake zuwa da shi, wanda ba ya lanƙwashewa, sai dai yana buƙatar gwajin jini a kai a kai. Tashin ciwon ya ragu sosai. Amma kwankwasona na dama ya fara ciwo, hoto ya nuna jini ba ya isa kan ƙashin yadda ya kamata, abin da ya saba faruwa ga masu sikila. Tsayuwa mai tsawo ta zama aiki, aikin lauya a kotu kuwa rabinsa tsayuwa ne. Na shiga kotun gwaji ta ɗalibai na ji daɗinta ƙwarai, na kwana biyu ina biyan bashin tsayuwar. Har yanzu ban yanke ba ko zan iya aikin gaban alƙali ko sai dai na ofis da bincike.

Karatuna ma ya sake fasali. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuma an hana ni ranar tafiyar gaba ɗaya, don haka tun makon farko na zango nake taƙaita kowace shari'a a ƙaramin kati: abin da ya faru, abin da aka tambayi kotu, abin da ta ce, da dalilinta. Ƙarfe goma na dare na rufe littafi ko duniya za ta tashi. A makon jarrabawa, lokacin da ɗakin kwana yake zama kango kowa ya tafi kwanan karatu, ni kaɗai nake kwance, ina jin tsoron ana wuce ni. Makina bai koma inda yake da ba, yana tsaka-tsaki mai kyau. Ban kuma yarda kwanan zaune yana ƙara wa kowa ilimi ba. Na ga lafiyayyu sun faɗi a zauren jarrabawa, na ga wadda ta haddace komai ta zauna ta kasa tuna ko suna ɗaya. Muna yaba wa juna wahala a tsangayar nan fiye da kima, har wanda ya yi barci yakan ji kunyar faɗa.

Yanzu ina ƙarshen shekarata ta ƙarshe. 'Yan ajinmu na asali sun fita bara, na je na taya su murna, na dawo na yi kukana a ɗaki, washegari na tafi lacca. Kundin bincikena a kan haƙƙin ɗalibi na a saurare shi kafin makaranta ta yanke masa hukunci na rubuta shi, Malamar nan ce take duba mini, jan bironta bai huce ba. Ta hannun ƙungiyar ɗalibai mun miƙa buƙatar a gyara dokar, a ce in asibitin makaranta ne ya karɓi ɗalibi ko ya tura shi wani wuri, shi zai sanar da tsangaya kai tsaye, wa'adin kuma ya fara daga ranar sallama. An ce maganar tana gaban kwamiti. Dokar tana nan yadda na same ta.

An kafe jadawalin jarrabawa makon jiya. Tun farkon zango na kai wasiƙa ofishin shugaban tsangaya mai bayanin lalurata, aka buga mata hatimin karɓa. Na kuma rubuta wata ta sanarwar rashin lafiya, na sa hannu, na bar gurbin kwanan wata a buɗe. Kwafi ɗaya yana wurin ƙawar da muke ɗaki ɗaya yanzu, tare da lambar ofishin da za ta kai shi. Ɗaya kuma Baba ya ce a ba shi.